Wa ya ci kasuwar dish, YouTube ko tsadar rayuwa?

Daga zauren zuri'armu na WhatsApp, daren Juma'a bayan isha'i.

Sadiq: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau a makaranta muka yi musu da wani abokina har muka kusa ɓatawa, na ce bari in kawo zaure. Ni dai abin da na ce shi ne zamanin dish ya wuce. YouTube da Netflix da TikTok sun gama da shi, nan da shekara 5 ba za ka ga dish a kan rufin kowa ba. Mawaƙa ma sun huta, babu mai cin guminsu yanzu, kowa ya ɗora waƙarsa a intanet kuɗi na shigo masa yana barci. Wanda bai yarda ba ya fito.

Maryam: Wa alaikumus salam. Ka fara biyana kuɗin shara na bana, da datar da na tura maka ranar Talata, sannan ka zo ka binne dish.

Sadiq: Ke dai taubashiya ba a raba ki da roƙo. Ba da ka na yi magana ba fa. Kamfanin MultiChoice, masu DStv da GOtv, da bakinsu suka faɗa a 2025 cewa cikin shekara 2 sun rasa masu biya wajen miliyan 1.4 a Najeriya. Ina waɗannan mutanen suka tafi in ba waya ba?

Nura: Gida suka tafi suka zauna, ƙanena. Wasu kuma wurina suka dawo.

Sadiq: Yaya Nura, ai kai dole ka kare dish, da shi kake cin abinci.

Nura: To shi ya sa na fi ka saninsa. Gobe Asabar ka zo gidan kallon da misalin ƙarfe uku. Benci goma sha biyu gare ni, in manyan ƙungiyoyi za su haɗu sai na aro na mai shayi. Kusan duk wanda ke zaune a ciki akwai babbar waya a aljihunsa. Me ya hana shi kallo a kanta? Akwai wani yaro da ya ce shi ya daina ba ni kuɗinsa, ya samo wani shafi na kyauta. Yana zaune a dakalin waje da wayarsa, mu a ciki an ci ƙwallo har an gama ihu an zauna, shi a wurinsa ba a ma bugo kwanar ba. Sati biyu ya yi ya dawo benci. In dai ana buga Firimiya da Gasar Zakarun Turai kai tsaye, dish na nan daram.

Waɗanda ka ce sun bari kuma, ka duba lokacin. An cire tallafin mai a Mayun 2023, komai ya tashi. Daga Maris ɗin 2025 babban tsarin DStv ya koma naira 44,500 a wata, Compact 19,000. Mafi ƙarancin albashi 70,000. Magidancin da ke neman na masara ne zai biya wannan? Bai koma Netflix ba, dikodar ya naɗe ya sa a ƙarƙashin gado.

Goggo Larai: Ku yara kuna ta maganar dish kamar iri ɗaya ne. Nawa tun da marigayi ya sa aka ɗaura shi ban taɓa biyan ko sisi a wata ba. Ina ganin Harami kai tsaye, ina ganin wa'azi, ina ganin Arewa24. Wannan tashar tun 2014 take, kuma ita ta koya wa matan gidan nan zaman jiran shiri mai dogon zango. Da azumi kuwa ba a kashe akwatin sai in wuta ta ɗauke.

Sadiq: Yawwa Goggo, kin taɓo wurin. In wuta ta ɗauke fa?

Goggo Larai: A nan kam ka yi gaskiya ɗan nan. Wani lokacin sai mu kwana uku ba mu ga wuta ba. Akwati na nan kamar hoto, amma waya a kai wa mai caji a dawo da ita cike. Shekaranjiya na leƙa ɗakin 'yan matan nan, su huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, an jingina ta da gwangwanin madara, tuwo na ƙonewa a madafa. Da na yi magana wai Goggo saura minti biyar. To ka ga ba don sun raina akwatin ba ne.

Kawu Iro: Ina ta karantawa ina murmushi. Sadiq, ka ga gawa amma ka ɓata sunan mamacin. Abin da ya mutu faifan CD ne, kuma ni a hannuna ya cika.

Shekara goma sha wani abu na yi ina sayar da kaset da faifai a Ƙofar Wambai. Ranar da sabon fim zai fito, tun kafin mu buɗe shago mutane sun yi layi. 'Yan sari daga Maraɗi, daga Agadas, daga Garwa ta Kamaru, har daga Kumasi, kowa da buhunsa. Yaran da ke turawa a baro su ɗiba su bazu cikin gari. A lokacin ɗan kasuwa ne ke riƙe da harkar. Shi zai ba furodusa kuɗi a yi fim, shi zai buga, shi zai raba. Mawaƙi kuwa ya yi waƙa a sutudiyo a saye ta a sa a fim, jarumi ya hau kanta yana motsa baki, duniya ta san jarumin, mai muryar ko a hanya aka gan shi ba a sani ba.

Kuma ba YouTube ce ta fara karya mu ba. Memori ne. Yaro ya kafa tebur a bakin titi da tsohuwar kwamfuta, ka ba shi ɗan canji ya cika maka waya da fina-finai goma da waƙoƙi ɗari, har da fassarar Indiya. Fim ya fito da safe, kafin la'asar yana wayar kowa. Na tuna wani fim da na saro kwali uku, na sayar da rabin kwali, sauran har yau suna soron gidana, yara na ɗiba suna wasan madubi da su. Tun kafin korona da 'yan shekaru kasuwar ta watse. Da aka kulle mutane a gida a 2020, su Izzar So da Labarina suka fito da tsarin mako-mako, sai harkar ta samu wata ƙofar. Ni a lokacin na riga na koma Farm Centre ina sayar da caja da gilashin waya.

Sadiq: Allah sarki Kawu. Amma ka ga maganata ta fito, intanet ɗin ce ta ceto 'yan fim bayan memori ya kashe su.

Kawu Iro: Ta ceto wasu. Wanda ke da tasha mai mabiya ya tsira. Masu buga faifai, masu zanen fasta, masu baro, mu 'yan shago, wa ya ceto mu? Kuma ka tambayi masu yin shirin, da yawansu tallan da suke sakawa a tsakiya ne ke riƙe su, na masu maganin gargajiya da masu atamfa da masu sayar da filaye.

Maryam: Wallahi Kawu, wani shirin sai ka ƙirga talla shida kafin a gama gaisuwa.

Mubarak: Ku ba ni dama in yi magana a kan ɓangaren waƙa, don nan ne Sadiq ya fi yin nisa da gaskiya. Wai kuɗi na shigowa kana barci. Shekarata 8 a sutudiyo ina haɗa kiɗa, ban ga wannan barcin ba.

Spotify ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021. Ta ce a 2024 abin da mawaƙan Najeriya suka samu a wurinta ya haura naira biliyan 58. Adadi ne mai daɗin ji. Amma ka tambayi kanka wa ya kwashe. Kuɗin ba a kan yawan saurare kaɗai ake lissafa shi ba, ana duba inda mai sauraren yake da abin da yake biya. Wanda ke Landan yana biyan kuɗin wata da fam, saurarensa ɗaya ya fi na mutum da yawa a Kurna da ke ji kyauta. Mawaƙan Legas da ake ji a Ingila da Amurka su ke ɗaukar kaso mai tsoka. Namu masu sauraren suna Kano da Zariya da Damagaram, kuma yawancinsu ma ba sa hawa manhajar. Ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender.

YouTube ma ba ka fara ganin kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10. Akwai yaron da muka yi wa waƙa bara, ta zaga gari, duk Adaidaita Sahun da ka shiga ita ke tashi. Ya zo mini da murna zai cire kuɗinsa a wata manhaja. Da muka lissafa, bai kai abin da ya biya na sutudiyo da ɗaukar bidiyo ba. Amma a watan nan aka kira shi biki huɗu, a ɗaya daga ciki liƙin da aka yi masa kaɗai ya ninka wancan.

Sadiq: To ai ka ga ta yi masa rana. Da ba don intanet ba wa zai san shi har ya kira shi biki?

Mubarak: Wannan na ba ka, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu mai murya shi ake sani, ba sai ya ɓuya a bayan jarumi ba. Kowa ya ga yadda Jarumar Hamisu Breaker ta yi a 2020, mata na ɗaukar bidiyo a gida suna rawa, ba wani ɗan kasuwa da ya tsaya mata. Abin da nake ƙi shi ne a ce intanet ke biyan mawaƙin Hausa. Talla take yi masa. Mai biya har gobe shi ne mai biki, da ɗan siyasa, da attajirin da ke son a ambaci sunansa. Da haka su Shata suka ci abinci, da haka jikokinsu ke ci.

Abin da ya fi damuna ma ita waƙar kanta. Mawaƙi ya shigo ya ce mini, Mubarak, ka kawo amshin tun farko, in daƙiƙa 15 ta wuce ba a zo wurin rawa ba 'yan TikTok sun wuce. Da muna yin waƙa mai baiti biyar, a shimfiɗa zance a naɗe shi. Yanzu baiti biyu, sauran maimaici.

Goggo Larai: Shi ya sa nake jin waƙoƙin yanzu kamar an yanke musu wutsiya.

Maryam: Ni bari in ba ku na nan Damagaram. Mu Canal+ muka sani, maigidan na biya saboda ƙwallo da labarai, ni kuma shirye-shiryen Kano a waya nake bi, ranar da aka saki a ranar nake gani, ba sai na jira ɗan sari ya dawo daga Ƙofar Wambai ba, Kawu ka yi haƙuri. Gida ɗaya, biyun duka suna aiki. Kuma Sadiq, ka san Canal+ ɗin nan ta Faransa ita ta saye MultiChoice a Satumban 2025? Mutum na zuba dukiyarsa a kan gawa?

Sadiq: Ai sayarwar ma alama ce ta ciwo. Mai lafiya ba ya sayar da gidansa.

Nura: Su naka masu lafiyar fa? Amazon ta shigo da ƙarfinta, a farkon 2024 ta ce ta daina zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka. Sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ka lissafa datar da za ka ƙona ka kalli wasa ɗaya na minti 90 a waya, ka gwada da abin da nake karɓa a ƙofa. Tsadar da ta kori mutum daga dish tana jiransa a waya.

Sadiq: To ku amsa mini wannan. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ta ce sai an kawo ta duba kafin a saki. Da can ina take zuwa? Kasuwa, wurin su Kawu. Yanzu ido na kan abin da ake ɗorawa a intanet, don can jama'a suka koma. Hukuma ba ta bin inda babu mutane.

Kawu Iro: Wannan kam ka kawo hujja. A da in an ce an kama fim, kwalaye ake kwasa a mota.

Mubarak: Amma a cikin waɗanda aka dakatar ɗin har da masu fita a talabijin, kar ka manta.

Sadiq: Na ji. Na janye maganar barci, Mubarak ya kashe ni a nan. Amma shekara 5 ɗin ina kan bakana. Ranar da data ta yi araha, ko aka samu mai nuna Firimiya a waya ba tare da jinkiri ba, Yaya Nura sai dai ka mayar da bencinka makarantar dare.

Nura: Ko a ranar, mutum ba zai so ya yi ihun ci shi kaɗai a ɗaki ba. Mu sa rago. Shekara 5 daga yau, in babu dish a rufin gidan kallona, naka ne.

Kawu Iro: A'a, ban da caca a zauren nan. Wanda ya faɗi ya yanka wa zuri'a kawai, kowa ya ci.

Maryam: Na adana saƙon. Sadiq da ko kaza bai mallaka ba.

Goggo Larai: Sadiq, gobe in ka taso ka biyo ta gida. Wayata ta cika, wai babu wuri, kuma ban ga na wannan satin ba. Ka taho da cajarka, tawa 'yan matan nan sun karya mata baki.