Muhawara: Ya dace da aka ba Ram Jethmalani ministan shari'a a Indiya?

Kawu: Assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce kan Ram Jethmalani. Lauyan da ya tsaya wa waɗanda aka tuhuma da kisan Firaminista Indira Gandhi bai kamata a damƙa masa ma'aikatar shari'a ba. Amma Firaminista Atal Bihari Vajpayee ya ba shi har sau biyu, a 1996 da 1999. Ai an ba kura ajiyar nama.

Barista: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. A nan kam ban bi ka ba. Masu tsaron lafiyar Indira, Beant Singh da Satwant Singh, su suka harbe ta ranar 31 ga Oktoba, 1984. Shi kuwa Jethmalani, Kehar Singh da Balbir Singh ya kare, waɗanda aka zarga da haɗa baki. Kehar da Balbir duka an yanke musu rataya. A 1988 Kotun Ƙoli ta wanke Balbir, ta sake shi. Da Jethmalani ya ji tsoron bakin mutane, wa zai tsaya masa? Ni na taɓa ziyartar wani a gidan yari, danginsa duk sun guje shi. Ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarafa, ya kasa magana sai hawaye. Tun ranar ban ƙara zargin lauya kan wanda ya kare ba.

Kawu: Kehar Singh fa? Ba a rataye shi ba?

Barista: An rataye shi a Janairun 1989. Kotu ce ta yanke, bayan ta saurari kowa. Aikin ke nan.

Hajiya: Barista, wannan na yarda. Damuwata daban ce. Shi ne lauyan Lalu Prasad Yadav, tsohon babban ministan jihar Bihar, a shari'ar badaƙalar kuɗin abincin dabbobi a jihar. Bayan BJP, jam'iyyar Vajpayee, ta kori Jethmalani a 2013, sai ga shi a 2016 jam'iyyar Lalu, RJD, ta kai shi majalisar dattawa, Rajya Sabha. Wanda kake karewa ya ba ka kujera, da wane baki za ka soke shi a majalisa? Abin yana min ciwo, don mutum ne da ya zo Bombay daga Sindh a matsayin ɗan gudun hijira, ya san zafin rashin gata.

Barista: Hajiya, nan kin kama ni, ba ni da amsar da za ta gamsar da ni kaina. Sai dai ba mai neman kujera ido rufe ba ne. Lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 yana shugaban majalisar lauyoyin ƙasar, ya soki Indira a fili har aka ba da umarnin kama shi, ya fice zuwa Kanada da Amurka. A 1977 mutanen Bombay suka zaɓe shi, suka maimaita a 1980, sai jarumin fim Sunil Dutt ya kada shi a 1984. A 2004 ma ya tsaya takara da Vajpayee kansa a Lucknow.

Kawu: To na janye batun Balbir Singh, Allah ya huci zuciyarka. Amma tambayar Hajiya tana nan. Idan ka zama ɗan majalisa, Barista, za ka ajiye rigar lauya ko za ka haɗa biyu?

Barista: Zan ajiye, Kawu. Shi bai ajiye ba sai 2017, yana dab da cika shekara 94, kuma a nan ne muka rabu da shi.