Ruwa ya ci gonata, ina alherin Allah?

Manomin Auyo: Jama'ar Ubangiji, ku ba ni amsa. Ambaliyar 2022 ta cinye mini shinkafa, bana ma kogin Haɗeja ya sake shanye gonar, ga bashin taki a wuyana. Ban taɓa fasa fid da zakka ba. Maƙwabcina mai algus a buhun taki kuwa har sabon babur ya saya. In Allah nagari ne, mai iko duka, don me ya zuba ido? Ko ƙaddarata ke nan?

Mama Zumunta: Sannu ɗana. Ayuba ya rasa 'ya'ya goma rana ɗaya, bai saɓi Allah ba.

Malamin Makarantar Lahadi: Ƙaddara kuma? Ba maganar mai bi ba ce wannan. Duba Farawa sura 3 a Littafi Mai Tsarki, zunubin Adamu ne ya jawo wa ƙasa la'ana. Allah bai rubuta wa kowa ambaliya ba.

Dattijo: Malam, bi a hankali. Matiyu 10 ta ce ko gashin kanmu a ƙidaye yake. To, gonar mutum guda ce za ta nutse ba da izininsa ba?

Malamin Makarantar Lahadi: Baba, izini daban, ƙaddarawa daban.

Ɗan Kwaya: Ai kalmar ƙaddara ma wurin maƙwabta kuka aro ta a kasuwa.

Dattijo: Yaro, buɗe Romawa 8:29 ka ga ko aro ce. Kafin a haifi babanka nake karanta ta.

Mai Chaji: Ni dai mutum ne ke jawo wa kansa. Tankar fetur da ta fashe a garin Majiya na Jihar Jigawa, Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka tafi. Wa ya aike su kwasar fetur?

Mama Zumunta: Kai, ji tsoron Allah! Talauci ya kai su. Hasumiyar Siluwam ta faɗa wa mutum 18, Yesu ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Luka 13 ce.

Ɗan Kwaya: Tunda ana maganar talauci, Baba, ina buhunan masarar tallafi da aka kawo coci bara? Su ma ƙaddara ce ta kai su gidajen dattawa?

Dattijo: Za ka maimaita wannan gaban majalisar coci ran Lahadi.

Ɗan Kwaya: A shirye nake, a zo da littafin rabo.

Manomin Auyo: Ni fa tambayata?

Malamin Makarantar Lahadi: Dare ya yi, bari in taƙaita. Kowa ya yarda mai bi ba ya cewa ƙaddara, Baba ne kaɗai bai gamsu ba, shi ma zai gane. Wahala daga faɗuwar Adamu take, kamar yadda na faɗa tun farko. Zancen masara ba nan ne wurinsa ba. Ɗan'uwa na Auyo, ka same ni bayan sujada.