Agogon Garmin a kan Linux Mint: ta yaya zan kwaso bayanan guduna?

Ɗan Gudun Asuba ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Garmin Forerunner 245 Music, na hannu na saya, kuma da shi nake atisaye saboda ina sa ran shiga gudun yada-ƙanin-wani na Legas a watan Fabrairu in Allah ya kai mu. Da can a Windows nake jona shi, manhajar kamfanin ta kwamfuta, wato Garmin Express, ta kwashe komai ta tura intanet. To tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai ƙanena ya sa mini Linux Mint 22. Ta yi sauri sosai, ba ni da ƙorafi a nan. Amma Garmin Express na Windows da Mac ne kawai.

In na jona agogon yana caji, amma ba ya fitowa a cikin fayiloli. Wani abokin guduna mai Forerunner 235 ya jona nasa a kwamfutar nan tawa, nan take ya fito kamar filas. Me ya bambanta su? Don Allah kada a ce in yi ta waya. Wayata ta cika maƙil, kuma Bluetooth ɗinta yankewa yake yi ana tsaka da aiki.

Baban Walid ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Agogonka lafiyarsa ƙalau. Bambancin shi ne 235 tsohon tsari ne, kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin filas kai tsaye. Waɗanda ke ɗaukar waƙa kuwa, irin naka da 645 Music da Fenix 5 Plus zuwa sama, da MTP suke magana, wato hanyar da wayoyin Android ke bi in an jona su.

Fara da agogon kansa. Shiga Settings, sai System, sai USB Mode. Zaɓi biyu ne a wurin, MTP da Garmin. In yana kan Garmin, mai yiwuwa ba za ka gan shi a fayiloli ba. Mayar da shi MTP, ka zare, ka sake jonawa.

In duk da haka shiru, buɗe tamina (Terminal, inda ake buga umarni) ka buga lsusb, zai jero na'urorin da ke jone ta USB. Ka nemi layin da ke da 091e, lambar Garmin ke nan. In babu shi, to kebul ne, domin akwai na kasuwa masu arha da caji kawai suke bayarwa. Ka kuma goge haƙoran tagullan da ke bayan agogon, gumi da ƙura na taruwa a wurin, balle yanzu da hunturu ke ƙaratowa. In layin ya fito amma babu komai a fayiloli, ka tabbatar gvfs-backends, wato abin da ke sa Linux ta buɗe na'urorin MTP, na kan kwamfutar, ko da yake Mint da shi take zuwa.

Da ya buɗe, shiga GARMIN sannan Activity. Duk gudun da ka yi yana nan, kowanne fayil guda mai ƙarewa da .fit, kuma ƙanana ne ƙwarai. Kwafe su zuwa kwamfuta. Daga nan ka buɗe shafin Garmin Connect a burauza, akwai Import Data, ka ɗora. Strava, shafin da masu gudu da keke ke ajiye bayanansu, ma na karɓar FIT kai tsaye. In ka ɗora abu ɗaya sau biyu za su ce maka suna da shi, ba abin da zai lalace.

Injiniya_Sokoto ya rubuta:

Ni dai ban ga dalilin wannan wahalar ba. Sa VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta a cikin taka, ka ɗora Windows a ciki, ka saka sunanka a rukunin vboxusers, ka miƙa masa USB ɗin, Garmin Express ya ci gaba da aikinsa yadda ka saba. Wine kam, mai buɗe manhajojin Windows a Linux, kada ka ɓata lokacinka, ko manhajar ta buɗe ganin agogon ne matsalar.

Baban Walid ya rubuta:

Injiniya, mutumin da kwamfutarsa ta kasa ɗaukar Windows 11 za ka ce ya kunna Windows a cikin Linux don kwafe fayil ɗin da bai kai hoto ɗaya nauyi ba? Ai sai fankar ta yi kuka.

Maman Ilham ta rubuta:

Malam Ɗan Gudu, abin da Baban Walid ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in ƙara abin da ya fi damuna, wato inda bayanan za su zauna. Ni keke nake tuƙawa, kuma ba na ɗora komai a intanet sai na fara ajiye kwafi a kwamfutata. Waɗanda suka daɗe da agogon nan za su tuna Yulin 2020, lokacin da masu kutse suka kulle kwamfutocin kamfanin Garmin suna neman kuɗin fansa, Garmin Connect ya yi kwanaki a rufe. Mutane sun yi gudu, bayanan na ɗaure a hannunsu, amma sun kasa ganin taswira. Mai kebul da kwamfuta kuwa ko a jikinsa. Sannan agogon in ya cika, tsofaffin yake sharewa ya rubuta sababbi a kai, ba zai tambaye ka ba.

Don duba su ba tare da data ba, ina amfani da GoldenCheetah. Kyauta ce, buɗaɗɗiya ce, tana da AppImage, wato fayil guda da za ka sauke ka kunna, ba sai ka girka ta a kwamfutar ba. Gaskiya masu keke aka fi yi wa ita, kuma ranar farko za ta rikita ka da zane-zane, amma tana karanta FIT na gudu sarai: bugun zuciya, saurin kowace kilomita, hawa da gangara, da nauyin atisayen mako. Ga mai shirin kilomita 42 wannan na ƙarshen ya fi komai amfani. In taswira kawai kake son gani, GPXSee ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wasu za su ce ka juya fayilolin zuwa wani tsarin fayil mai suna GPX da manhajar GPSBabel. Yana yi, amma ka riƙe na asalin, don GPX hanya ya fi sani, abubuwa da yawa da agogon ya auna ba sa tsallakawa.

Abu ɗaya da za ka rasa in ka daina haɗa shi da waya ko Express: akwai ɗan fayil da suke sauke masa mai nuna inda taurarin ɗan'adam za su kasance, kuma 'yan kwanaki yake yi ya tsufa. In ya tsufa agogon zai ci gaba da aiki, sai dai zai daɗe kafin ya kama GPS. Ka riƙa kunna shi a fili tun kana ɗaura takalmi. Kada ka fara gudu bai kama ba, in ba haka ba zai nuna ka keta ta cikin gidajen mutane.

Ɗan Gudun Asuba ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri. USB Mode ɗin ne, a kan Garmin yake. Na mayar MTP ya fito, na kwashe Activity gaba ɗaya, GoldenCheetah ta karanta. Hajiya, gaskiyarki, zane-zanen nan sai a hankali. Saura tambaya ɗaya: mai horar da mu yakan turo jadawalin atisaye da hanyar da za mu bi ranar Asabar. Zan iya saka su a agogon ta kebul?

Baban Walid ya rubuta:

Za ka iya. A cikin GARMIN akwai NewFiles. Jefa fayil ɗin a ciki, ka cire agogon ta hanyar da ta dace, shi zai ɗauke ya kai inda ya kamata, hanya ta koma Courses, atisaye ya koma Workouts. In ka sake jonawa ka ga NewFiles babu komai, kada ka tsorata, alamar ya karɓa ke nan. Ka ce wa kocin ya riƙa turowa a FIT, shi ne bai cika ba da matsala ba. Kuma kada ka buɗe fayil daga cikin agogon kai tsaye, MTP ba ta son haka, tana iya maƙalewa. Kwafe zuwa kwamfuta tukuna.

In wata rana ka canja waya, duba manhajar Gadgetbridge a F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android. Tun 2024 ta fara karɓar agogunan Garmin, kuma a wayarka take ajiye komai, ba ta tura wa kowa. Ka dai duba jerin na'urorinsu ka ga inda aka kai da 245 kafin ka cire manhajar kamfanin.