Mu tashi kafin ruwa ya sauka, ko mu jira kaka? Gidan bai ƙare ba

Mai ɗinki ta Mokoyo:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa tashi daga haya zuwa gidan kansu su ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Shekararmu 9 muna haya a unguwar Mokoyo, nan Maraɗi, ɗaki da falo, jaka 20 a wata, a gidan da muke mu huɗu masu haya. Shekaranjiya bayan la'asar mai gidan ya aiko ƙanensa cewa yana son ɗakunan a ƙarshen Yuni, zai yi wa ɗansa aure. Ba da faɗa ba ne, mutumin kirki ne, har ya ce in mun matsu ya ɗaga mana zuwa bayan damana. Amma kun san irin wannan magana, da zarar ta fito, ko tsakar gida ka fita sai ka ji kamar a kan tabarmar wani kake.

Baban yara yana da kare, wato filin gini, can bayan unguwar Ali Ɗan Sofo, inda gidaje suka fara tsinkewa gonaki suka soma. Shekara 6 yana gininsa. In ya samu kuɗin siminti buhu biyu ya kai, in bai samu ba ya je ya leƙa ya dawo. Yanzu akwai ɗaki biyu an rufa musu kwano, ɗaya an yi masa daɓe, ɗaya rairayi ne. Ƙofa ɗaya aka sa, taga ko ɗaya babu, bulo aka jera a ramukan. Katanga ta zagaye gefe uku, gabas a buɗe yake. An haƙa salga ba a rufe ta ba. Ba pampo, ba kuran, wato wutar lantarki.

Shi ya ce mu tashi yanzu, kuɗin hayar wata huɗu su shiga cikin ginin. Ni kuma gabana faɗuwa yake. Yara uku gare mu, biyu suna lakwal sai ƙarshen Yuni za a ba su hutu, autar watanta 14. Ga keken ɗinkina, kuma masu kawo mini ɗinki duk matan Mokoyo da Bagalam ne. Ga kayan ɗakina, gado da almuwar ta ajiye tufafi da kwanonin da innata ta tara mini tun ina yarinya, ba na son su lalace a ɗakin da ba taga. Ga jajayen awakina biyu, ɗaya da ciki. Mu tashi ko mu jira? In tashin ne, me ake fara kaiwa?

Tsohon magini:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ku tashi, amma ba a haka ba. Gidan da ake jira ya ƙare kafin a shiga, na ga da yawa sun tsufa babu wanda ya kwana ciki. Mutum in yana cikin gida shi ke ganin abin da ya fi matsa masa, sai kuɗin su bi can.

Abin da ya tsaya mini a maganarki shi ne gabas. Hadarin garin nan daga gabas yake tasowa, kuma na farkon damana iska yake fara turowa da jar ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka. Wannan iskar ce ke kwashe kwano. Ɗakin da ba taga, kuma ba katanga a gabansa, iska za ta shiga ta ramin bulon nan ta ɗaga rufin daga ciki kamar murfin tukunya. Ki ce wa maigidanki ya hau sama da kansa ya duba ko an ɗaure katakon rufin da ƙarfe a jikin gini, ko kuwa ɗora shi kawai aka yi aka liƙe da siminti. In ba a ɗaure ba, kafin komai a ɗaure, kuma a ƙara layin bulo a kan bakin kwanon.

Kuɗin da ke hannu su tafi haka: murfin salga da farko, don ramin da ke buɗe ga yarinya mai koyon tafiya ba abin da za a yi shawara a kansa ba ne, kuma ruwan farko zai zubar da bakinsa. Sai katangar gabas, ko da ta laka ce, ko ma zana mai ƙarfi a kan dirkoki kafin Allah ya hore. Sai ƙofa ta biyu da tagogi wajen mai walda. Daɓen ɗaki na biyu, shafe, fenti, duk su jira, babu wanda rashin fenti ya hana barci.

Sannan ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ku je ku tsaya a ƙofar gidan ku ga inda ruwa ke bi. Kada ku ce ai tudu ne. Iyayenmu sun baro tsohon gari a bakin gulbi bayan ambaliyar 1945 suka hau tudu, amma a damanar 2024 kowa ya ga gidajen da suka zube a cikin gari, ba gulbi ne ya je ya same su ba, ruwan sama ne ya rasa hanya. A sababbin unguwanni kowa yana cike ƙofarsa da ƙasa, wanda ya zo ƙarshe shi ke karɓar ruwan layin duka. In dokin ƙofarku ya yi ƙasa da hanya, a ɗaga shi tun yanzu, a huda katanga ta inda ƙasa ta gangara.

Hajiya 'yar Zariya:

Malam magini ya yi magana ta maza, siminti da ƙarfe. Bai ce komai a kan ruwa ba, don ba shi zai wanke zanen goyo ba. Ƙanwata, ni na tare a unguwar Zariya ta nan garin lokacin da in ka tsaya ƙofar gida sai ka hango gero har inda ido ya tsaya, kuma abin da ya sa ni kuka a watan farko ba rufi ba ne, ruwa ne. Kafin ki yarda da ranar tashi, ki je da ƙafarki ki ga pampon da ya fi kusa, ko gidan da ke da foraj, wato rijiyar burtsatse, yana saidawa. Ki tambayi matan layin nawa mai ga-ruwa ke kawo bido, wato jarka, kuma ko kurarsa na iya shiga rairayin nan. Ki lissafa bido nawa kike ƙararwa a yini inda kike yanzu, da wanki da wanka da awaki, ki ga ko jaka 20 ɗin da ake cewa za a tsira da su ba rabinsu a ruwa za su tafi ba. Ban ce kada ki tashi ba. Cewa na yi ki sani, don kada daga baya a ce ke ce mai ɓarna. Abu ɗaya da damana za ta yi miki, in kin samu tano, wato duro, guda biyu kin sa ƙarƙashin indararo, wanki ya samu.

Kayan ɗaki kuwa, kada ki kai su. Ki kira kafinta ya kwance gado da almuwar, ya zuba kusoshin a leda ya ɗaure a jikin ƙafar gadon, ki kai gidan innarki a jingine a kan bulo har a yi daɓe. Ƙasar da gona ce bara gara gare ta, katako in ya kwana uku a kan rairayi mai laima kin yi sallama da shi. Kwanoni da tangaran ki naɗe kowane a tsohon zane, ki jera cikin manyan tukwane da kwalla, su ma su zauna wajen inna. Abin da za ki shiga da shi: katifa, tabarmi, gidan sauro, randa, murhu, tukunya biyu, turmi da taɓarya, buta, fitila, tsintsiya, da buhun hatsi a kan bulo. Takardun haihuwar yara, katin awo, takardar kare, kada su shiga kowane ƙunshi. Jakar hannunki, a jikinki.

Awaki sai kin ɗaure. Duk filin da ba a gina ba a irin wannan wurin, masu shi ko masu gonar da suna shuka shi da damana. Akuyarki ta ci geron mutum a makon farko, da wannan za a san ki a unguwa. Ki tanadi turke da rumfa da harawa tun kafin ki kai su.

Ana gobe za ku tare a share ɗakunan, a yi turare, a karanta Baƙara a ciki, ya zo a hadisi cewa Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. Ba sai an tara mutane an yanka rago ba, wanda ke neman kuɗin taga ba shi da na rago. Ki soya masa ko ki dama fura ki aika gidajen da ke kusa, maigida ya je ya gaida liman da mai unguwa. A Mokoyo kuma ki bi ɗaki ɗaki ki yi bankwana ki nemi gafara, har wadda ba kwa ga maciji da ita, musamman ma ita. Ki biya mai tebur bashinsa. In kina adashi ki faɗa wa uwar adashi a gaban mutane yadda zubinki zai riƙa isowa, don mace in ta ɗauki kwasa ta bar unguwa, baki ba ya shiru.

Ɗan kabu-kabu:

Anti ni nawa gajere ne. Ranar da za ku fita ku ɗauki hoton kontar, wato mitar wuta da ta ruwa, a waya, lambobin su fito sosai. Tunda ku huɗu ne kuke raba faktir, takardar kuɗin wuta da ruwa, ku zauna da sauran ku biya rabonku har ranar, a gaban mai gida. Mu da muka tashi daga wani gida a Sabon Gari ba mu yi haka ba, bayan wata biyu aka biyo babana har wurin sana'arsa da takardar kuɗin da ba mu sha ba, kuma ya biya don kunya. In akwai kuɗin ajiya da kuka ba mai gida lokacin shiga, a yi maganarsu yanzu tun ana dariya.

Ɗaukar kaya kuma, ina shiga bayan Ali Ɗan Sofo kullum, akwai layukan da mota ke nutsewa a rairayi. Ku sa mai motar ya je ya ga hanya kafin ku yi ciniki, in ba haka ba zai sauke muku kaya a bakin kwalta ya ce nan ya iya. Amalanken shanu ya fi tabbas a can, sawu biyu ko uku ya gama, sai dai a ɗaure da igiya sosai. Kada ku sa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun kasuwa ne, masu amalanke da 'yan dako suna da aiki, tsada za su yi. Ku fara da asuba, hadari yamma ya fi so. Mutum ɗaya ya tsaya tsohon gida, ɗaya ya tsaya sabo, yaro ya bi kowane sawu.

Wuta kuma kada ta hana ku. Tun 2023 da aka yanke layin da ke kawo kuran daga Najeriya wata da watanni, gidaje da yawa suka koyi zama da pano ɗaya na hasken rana da batir. Ƙwan fitila biyu da cajin waya da ƙaramar fanka zai ɗauka. Neman kontar a Nijelek, kamfanin wuta, a fara shi da wuri in akwai turakun wuta kusa, in babu, sai haɗa kai da maƙwabta.

Wata ma'aikaciyar likita:

Ƙari a kan na Hajiya. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gini su ke tara ruwa, sauro a nan yake haihuwa, kuma watan Agusta da Satumba ne muke cika da yara masu zazzaɓi. Gidan sauro ya zama shi ne farkon abin da za a ɗaura daren farko, ba a ce sai gobe ba. Da damana ana bi gida gida kowane wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sabon gida a gefen gari yana da sauƙin tsallakewa, ki tambayi likitar da ta fi kusa da ku, ki nuna musu autarki. Tarin bulo da ke tsakar gida a kwashe shi nesa da inda yara ke wasa, maɓoyar kunama ce, kuma a riƙa kakkaɓe takalmi da safe.

Tsohon magini:

Hajiya kin kama ni, na manta ruwa, alhali ni ma ba na kwaɓa siminti sai da shi. A gafarce ni. Amma kan gado ban yarda a bar shi gidan inna har abada ba, na san mata, in gadonta ba ya cikin gida zuciyarta ma ba ta ciki. Buhu uku ko huɗu na siminti ya isa daɓen ɗaki madaidaici in akwai yashi da tsakuwa, a sa shi a lissafin wata na biyu.

Mai ɗinki ta Mokoyo:

Allah ya saka muku da alheri, Baba magini, Hajiya, da ku duka. Na karanta wa baban yara daren jiya, da ya ji maganar gabas shiru ya yi, yau da sassafe ya tafi da tsani. Katakon ba a ɗaure yake ba.

Ni ma na je da hantsi. Akwai gida na huɗu daga namu mai foraj, matar ta ce suna saida ruwa safe da yamma, har ta ba ni na sha, ba gishiri. Mun tsaida magana haka: za mu roƙi mai gida mako biyu a kan ƙarshen Yuni, yara su gama lakwal, a rufe salga, a ɗaure rufi, a ja zana ta gabas, mu ga ruwa ɗaya ko biyu. Zancen canza wa yara lakwal sai kafin komawa a Oktoba. Kwanoni gobe zan fara naɗewa.

Keken ne har yanzu ban san yadda zan yi ba. Maƙwabciyata ta ce in bar shi a ɗakinta in riƙa zuwa ina ɗinki kwana uku a mako, kada masu kawo mini aiki su watse. Amma kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da goyo a baya, anya ba zai cinye ribar ba?

Hajiya 'yar Zariya:

Ki tafi da kekenki. Matan sabuwar unguwa ba tsirara suke yawo ba, kuma na tabbata a layin nan babu tela ko ɗaya. Na Mokoyo masu son hannunki za su aiko yaro da atamfa a leda. Shi kuma kada a ɗora shi a amalanke, ki cire kan ki rungume shi a adaidaita, ƙafafun su biyo kaya. Randar ma haka, kada ki ba 'yan dako.