Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan ɗura harsashin farauta, wato mutum ya haɗa harsashinsa da kansa

1. Baki ya zo ɗaya: sabon shiga ya bi awon albarushi da ke littafin masu ƙera kayan, kamar Hornady ko Lyman, ya fara daga mafi ƙaranci, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Awon da aka ji a bakin wani ba abin dogaro ba ne.

2. Kada a gauraya albarushi iri biyu. Gwangwani ɗaya kawai a kan tebur.

3. Idan kwanson harsashi ya yi wuyar fita daga bindiga bayan harbi, matsi ya yi yawa, a dakata.

4. A kan ƙarfen da ake yin kan harsashi da shi aka rabu. Wasu sun ce mai dalma ya fi araha, kuma yana buɗewa sosai a jikin dabba. Wasu sun zaɓi na jan ƙarfe, don dalma na barin ɓurɓushi cikin nama. Ni dai na fi karkata ga na jan ƙarfe.