An yi mana tayin kwikwiyon Jack Russell, ko zai yi a gidan iyali?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Wani aboki a Yawunde zai ba ni kwikwiyon Jack Russell ɗan mako bakwai. Gidana na da katanga da tsakar gida madaidaiciya, yara uku, ƙaramar shekararta uku, ga kaji da zabi na uwargida. Gadi nake so da maganin ɓeraye. Masana, in karɓa ko in ba shi haƙuri?

Mai horar da karnuka:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Tsayinsa a kafaɗa santimita 25 zuwa 30 ne, nauyinsa kilo 5 zuwa 7, amma zuciyar mafarauci gare shi. Wani limamin coci a Ingila, John Russell, shi ya fara fitar da irin a ƙarni na 19 don su bi yanyawa har cikin rami. Tono, haushi da bin duk abin da ya motsa, a jininsa suke, horo yana rage su ne kawai. Ɓeraye kam sun shiga uku. Amma a idonsa ɗan tsako da ɓera duk ɗaya ne, don haka kafin ya iso a yi wa kajin akurki mai raga, a binne gindin ragar kamar santimita 30 a ƙasa, in ba haka ba ta ƙasa zai shiga. Yana tsallake abin da ya haura mita ɗaya, kada a jingina turmi ko buhu da katanga.

Yana bukatar gudu da wasa aƙalla awa ɗaya kullum. Wanda aka ɗaure da sarƙa yini guda shi ne yake zama mai cizo da haushin dare. Horon a yi shi gajere, minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, da 'yar tsokar nama a matsayin lada. Duka ba ya gyara wannan irin, taurin kai yake ƙara masa. Batun gadi kuwa, zai sanar da kai shigowar baƙo, amma ba zai tare ɓarawo ba.

Likitar dabbobi:
Malam, ka bar shi wurin uwarsa har ya cika mako takwas, a nan yake koyon sassauta cizo. Ka nemi katin rigakafinsa. Allurar farko ta cututtukan karnuka parvo da distemper ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Kafin a gama, kada ya taka titi, domin ƙwayar parvo na daɗewa a ƙasa watanni, alamarta amai da gudawa mai jini, kuma tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Allurar haukan kare a wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. A yi a wurin da ake ajiye allura a firji, wadda zafi ya buga ba ta da amfani. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har wata uku, duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. A duba kaska cikin kunne da tsakanin yatsu, musamman da damina.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40. Da haki kare yake huce jikinsa, shi kuma wannan ba ya sanin ya gaji. A fita da shi da asuba ko bayan la'asar sakaliya. In ka ga haki mai tsanani, dalala da tangaɗi, zuba masa ruwan randa a ciki da hammata, yi masa fifita, a garzaya wurin likita.

Abinci sau uku zuwa huɗu yana ƙarami, sau biyu in ya girma: shinkafa da nama ko kifi marar ƙaya, da dafaffen ƙwai. Ban da ragowar miya, saboda albasa da tafarnuwa na lalata masa jini. Ban da goro, cakulan, dafaffen ƙashin kaza da paracetamol. Maganin ɓera kuma a daina sa shi a gidan.

Malamar makaranta:
Yaya, 'yar shekara ukun ce abin dubawa. Ba ya jure jan wutsiya ko a taɓa shi yana cin abinci, kuma tsayin yarinyar ya sa fuskarta ce kusa da bakinsa. Kada a bar su su biyu ba babba. In ya ciji ko ya yakushi wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ranar. Akwai reshen Centre Pasteur, cibiyar da ake allurar haukan kare, nan Garwa. A ware masa kwanonsa da makwancinsa a inuwa, nesa da wurin salla da kwanukan gida, hukuncin ajiye shi kuma a tambayi malamai.

Mai horar da karnuka:
Ƙari ɗaya, yana kai shekara 13 zuwa 16. In babu babba a gidan da zai ɗauki nauyin gudun nan na kullum, ko uwargida ba ta yarda a killace kajinta ba, ka ba abokinka haƙuri. Kyanwa za ta yi maka maganin ɓerayen.