Alloli masu gaba a ƙagaggen labari: me zai hana mafi ƙarfi cinye sauran?

Sabon Alƙalami:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu rubuta almara ce. A ƙagaggen labarin da ya buɗe da tatsuniyar yadda duniyarsa ta samu, alloli 4 suna rigimar shugabanci, me zai hana wanda ya fi ƙarfi murƙushe sauran tun shafin farko? In ya yi, labari ya ƙare. In bai yi ba, mai karatu zai ce an raina masa hankali.

Malam Mai Tawada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka haɗa ƙarfi da iko wuri guda, alhali kowanne da hanyarsa. Ƙarfi a jikin mai shi yake, iko kuwa wasu ne ke ba mutum shi, kuma ana iya ƙwacewa. Dubi tatsuniyar mutanen Babila. Marduk, ɗaya daga cikin allolinsu, bai fita yaƙar Tiamat, uwar alloli, ba sai da majalisar alloli ta zauna ta amince shi ne sarki. Ita kuma Tiamat ta ba Kingu, jagoran rundunarta, allon ƙaddara don maganarsa ta zama doka. Da Marduk ya yi nasara ya karɓe allon ya ɗaura a ƙirjinsa, daga baya aka kira shi da sunaye 50.

Kafin ka rubuta komai, ware wa kowane ɗaya daga cikin allolinka takarda, ka amsa abu 4: me yake mulka, daga ina ƙarfinsa ke zuwa, me ya gagare shi, sai da yardar wa hukuncinsa ke aiki. In na ƙarshen nan ya zauna babu amsa, nan labarin zai ɓalle.

Malama Mai Nazari:
Ƙari kan bayanin Malam: ka kula da rabon. A wajen Girkawa, bayan yaƙin shekara 10 tsakanin tsofaffin alloli da sababbi, ƙuri'a aka jefa. Zeus ya samu sama, Poseidon teku, Hades duniyar matattu, aka bar doron ƙasa da dutsen Olimfos na kowa da kowa. Wannan wurin da babu mai shi shi ne filin rigima. In ka rabe komai tsaf, kowa zai zauna a gidansa, babu abin da zai haɗa su faɗa.

Sai rantsuwa mai haƙori. A wajen Girkawan, duk wanda a cikin alloli ya rantse da ruwan kogin Stiks na duniyar matattu bisa ƙarya sai ya kwanta shekara 1 ba numfashi, sannan a ware shi daga majalisa shekara 9. Hukunci mai adadi irin wannan ya fi ka ce "akwai mummunan sakamako". Kuma alloli 4 na saurin rabuwa biyu-biyu su yi kunnen doki, don haka ka sa ɗaya ya zama mai sauya sheƙa.

Malam Mai Tawada:
Kuskuren da ya fi ɓata irin wannan rubutu shi ne mai da ɗaya mugu zalla. A tatsuniyar Masar ta dā, shari'ar Horus da Set kan gadon sarautar marigayi Osiris ta kai shekara 80, domin kowa na da hujja. Horus ɗan mamacin ne, gado nasa ne. Set kuwa shi ke tsare jirgin Ra, ubangijin rana a wajensu, daga maciji Afofis, shi ya sa Ra ya karkata gare shi. Mai haƙƙi a gefe, wanda ba a iya yi sai da shi a gefe.

Sabon Alƙalami:
Allah ya ƙara sani. Duk wannan a babin farko zan zuba?

Malama Mai Nazari:
A'a, shafi 2 zuwa 3 ya isa: rabon, rantsuwar, da wanda aka zalunta. Sauran ka bari ya fito daga bakin mabiyansu, ɓangare ɗaya su ce ƙuri'a aka yi, ɗayan su ce an yi maguɗi.